Rijiyar Bawa da Jan Turke

Bawa Kalilu, mutumin Tsamaye, ya yi shekara talatin da huɗu yana haƙar rijiya. Ya haƙa sittin da ɗaya tsakanin Sabon Birni da Isa, biyu ne kawai suka ba shi kunya. Da harshe yake sanin ƙasa: ya ɗanɗana, ya tofar, ya faɗi gaba nawa ya rage a tarar da ruwa. Wadda ya fi ji da ita ita ce ta gonarsa, mai gaba goma sha biyu, wadda ba ta taɓa ƙafewa ba ko a tsakiyar bazara.

Da rani, shekara uku da suka wuce, wani kamfani ya iso da takardar izinin neman ma'adinin manganis. Masanin duwatsunsu, wani matashi mai suna Anas, ya tsinci baƙin dutse cikin tsohuwar ƙasar da Bawa ya fitar daga rijiyar, sai ya sa aka kafa jan turke taku tara daga bakinta. Nan injin zai huda.

Bawa ya bi shi har mota yana bayani. Ya ce ruwan nan a kan yumɓu yake zaune, kamar fura a ƙwarya. In aka huda yumɓun, ƙasa zai zurare. Anas ya yi dariya, ya tambaye shi a wace jami'a ya karanto wannan.

"A cikin rami, ɗana," in ji Bawa.

Ranar kasuwa, da gari ya watse, Bawa ya tuge turken ya kai shi gonar ƙanensa Alhassan, wadda ba ta da komai sai tsakuwa. A ganinsa turke shi ne shaida, kamar iyakar gona: inda yake, nan maganar take.

Masu injin suka bi turke suka yi kwana shida suna haƙa. Ba su ga manganis ba, amma a can ƙasa suka fasa ruwa mai ƙarfi. Da Anas ya dawo ya duba na'urarsa, ya ga ramin ya kauce da taku ɗari biyu. Alhassan da bakinsa ya faɗi wanda ya yi aikin, don kada a toshe masa ramin.

Aka kai Bawa gaban hakimi, ya durƙusa ya ba Anas, sa'an ɗansa, haƙuri. Injin bai dawo ba sai da gero ya fara fitar da kai. Ya bi ta tsakiyar gonar Bawa, kuma a maimakon rami ɗaya aka huda biyu, dama da hagu da rijiyar. Kwana goma sha ɗaya bayan haka guga ya fito da laka.

Manganis ɗin da aka samu bai kai kamu ɗaya kauri ba. Kamfanin ya ce bai isa a haƙa ba, ya kwashe kayansa.

Yanzu Alhassan ya sa famfo, yana noman albasa. Kowace safiya Bawa yakan tsaya a layi da jarka biyu, bayan mata. In Alhassan ya hango shi sai ya ce:

"Ku matsa wa Yaya. Ai rijiyarshi ta sittin da biyu ce, da turke ɗai ya haƙa ta."

In jarkar ta cika Bawa yakan ɗan kurɓa, ya juya ruwan a baki, ya tofar.