Maharazu Mai Keken Ɗinki

Maharazu ɗan Tozai ne, ɗan gidan maɗinka. Mahaifinsa yakan yi wata uku a kan aikin riga ɗaya bai ƙosa ba. Shi kuwa kafin ya gama wuyan taguwa ya miƙe sau goma. Har tsohon ya haƙura, ya ce da ƙaiƙayin ƙafa aka haifi wannan.

Da labari ya iso cewa Nasara sun kawo jirgin ƙasa Kano, sai ya kora jakunansa ya bi ayarin masu fata. Jirgin bai ɗaɗa shi da ƙasa ba. Abin da ya tsayar da shi wani tela ne Bayarabe a bakin kanti, yana murza ƙarfe da hannu, ɗinki na fita kamar jerin tururuwa. Kwana uku yana tsaye a kansa. A na huɗu telan ya ce in ba zai tafi ba, ya zauna ya koya.

Bayan damina biyu ya dawo Illela, inda ya bar iyalinsa. Babu jakuna, sai keken ɗinki naɗe cikin buzu. Matarsa Hindatu ta zagaya abin, ta ce, "Malam, jakkanmu ka bada ka amso wanga? Mi shika ci?"

"Mai kaɗai shika sha," in ji shi, "kuma ba shi gajiya."

Ya kafa rumfa a kasuwa, fatake suka yi masa caa. Wata ranar kasuwa wani ɗan ƙarfe ya karye a cikin keken, mai gyara kuwa sai Kano. Maharazu ya shimfiɗa tabarma, ya warware keken kaf, ya ɗauki guntun ya nufi Garu wurin Idi maƙeri. Sau bakwai suna ƙerawa yana ƙi. A na takwas keken ya tashi.

Daga nan ɗinki ya fita ransa. Ko'ina ya ji an jingine mataccen keke, Ƙonni ne ko Sakkwato, sai ya saɓa gora ya je ya ɗauko, shi da Idi su tashe shi.

Lokacin mutane na tsallakowa daga yankin da Faransa ke mulki, suna gudun aikin tilas. Cikinsu akwai Abu, magidanci, wanda dutse ya murƙushe wa ƙafa wurin aikin hanya, noma ya gagare shi. Maharazu ya gan shi zaune a inuwar rumfa, ya ce, "Matso nan, ɗan'uwa. Wanga abu hannu shika so, ba ƙafa ba." Da hannun Abu ya faɗa a kan keken, sai Maharazu ya ce masa, "Ɗauka, naka ne."

Hindatu ta tare shi a zaure. "Malam, mu da mi za mu ci?"

"Na riga na san cikinshi, Hindatu. In ya zamna nan, ni ka ciwo."

Haka ya yi ta yi, ya gyara, ya koyar, ya bayar, har keke tara. Mutane na sa masa albarka, shi kuwa kunya ke kama shi, don bai tabbata ko tausayi ne ko gundura ba. Na goman Hindatu ta shige da shi ɗakinta ta ce ba mai fitar da shi. Ta koya, tana yi wa matan unguwa ɗinki, da shi aka ci tuwo a gidan.

Furfura ta fito, ido ya fara hazo, sai ya ji an kafa injin gurzar auduga a Gusau. Aka yi ta ba shi baki, ya ƙi. Kwana biyar da fita zazzaɓi ya kayar da shi a hanya, wasu fatake suka dawo da shi bai ga injin ba.

Idi ya zo dubiya, ya tarar yana zane a ƙasa da yatsa. "Maƙeri, zamna," in ji Maharazu. "Kai a ganinka, ta ina shika raba iri da auduga?" Suka yi ta gardama har la'asar. Kwana biyu bayan nan Allah ya yi masa rasuwa, aka kai shi Tozai kusa da kabarin mahaifinsa.