Gobarar da Kawu Ya Kashe da Baki

Kawuna mai aski ne, kuma bakinsa ya fi rezarsa kaifi. Duk wanda ya zauna a kujerarsa, kafin aski ya kai ƙeya sai ya sha labarin gobarar shagon tela, yadda Kawu ya kutsa cikin hayaƙi ya saɓo tsohon telan a kafaɗa.

Ina wurin ranar, da girmana da hankalina. Da wuta ta tashi a shagon da ke jikin nasa, Kawu madubinsa ya runguma ya ranta a na kare, ya bar wani bawan Allah da rabin aski. Innata, wato yayarsa, ita ta tsoma mayafinta a bokiti ta shiga ta jawo tsohon ta ƙafa. Kawu bai dawo ba sai da toka ta huce.

Da farko cewa yake shi ya fara ihun neman agaji. Bayan 'yan shekaru ya zama shi ya miƙa bokitin. Da telan ya rasu, sai ga Kawu tsundum a tsakiyar wuta. Har tabon da salansar babur ta yi masa a ƙwauri ya samu ƙarin girma, ya koma shaidar gobara.

Da ƙarya yake shararawa, da da sauƙi. Abin haushin, ya yarda da kansa. Yana ba da labarin idanunsa na kawo ruwa, yana tuno ƙaurin yadin da ke ci, har tari yake yi. Na taɓa tuna masa madubin, ya dube ni da tausayi, ya ce tsoro ne ya ruɗa ni ranar.

Na kai ƙara wurin Inna, na same ta tana ninke wanki. Na tambaye ta wa ya fito da tela.

"Kawunki mana," ta ce. "Ni ina ce a bakin ƙofa na tsaya."

Bara jikokin telan suka zo shago da sabuwar kujerar aski, wai tukuicin ceton kakansu. Kawu ya hau, ya juya hagu ya juya dama, ya ce ba don a gode masa ya yi ba. Da suka tafi ya yi tsaki, ya ce mutanen yanzu ba su san darajar alheri ba, sai yanzu suka tuna da shi.