Sifirin Motar da Ruwa Ya Ci

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi ko yau aka ce in rantse zan rantse. Lokacin ba a ma cire Katsina daga jihar Kaduna ba, ina direba wajen wani Alhaji mai sayen auduga da hatsi a Funtuwa. Da damina mu kai wa manoman ƙauyukan Malumfashi taki, da kaka mu kwaso amfani. Motar da ke hannuna Landiroba ce sabuwar yayi, irin wadda ta zo da murɗaɗɗen sifirin, wato ƙarfen da ke riƙe nauyin mota a kan taya, maimakon mai falle-falle da muka saba da shi. Mota ce ta kirki, sai dai Alhaji mutum ne da in ya hango sauran wuri a bayan mota sai ya ji kamar an cuce shi. Kafin shekara ta zagayo bayanta ya zauna. In na yi lodi sai ka gan ta hanci sama baya ƙasa, kowane rami sai ta daki ƙasa, 'yan tasha kuwa suka sa mata suna Agwagwa, ni kuma Mijin Agwagwa.

Na kai ta wajen Bitrus, bakaniken da ke yi mana gyara, mutumin da ba ya kama sifana sai ya yi maka wa'azi tukuna. Ya ce mini sifirin baya ba a zaɓensa da tsawo. Akwai dogo siriri, zai ɗaga maka mota ta yi kyau a ido, ka ɗora mata taki ta durƙusa. Kaurin ƙarfen ake dubawa, kuma biyu ake sawa tare, daga mota ɗaya. In tsoho ne ka tsayar da su a ƙasa kafaɗa da kafaɗa, in ɗaya ya gaza ɗaya tsawo to sun gaji. Sannan ka leƙa tsakanin murɗin, in fenti ya goge, alamar kaya ya taɓa danne su har suka haɗe.

Zamanin kayan gyara sun yi wuya, sabo sai wane da wane, don haka muka nufi wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Can muka tarar da wata irin tawa sak, ta lotse, cikinta duk busasshen taɓo da yashi. Mai wurin ya ce ruwa ne ya ci ta bara, daga cin kasuwa ta taso. Bitrus ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana washe baki.

"Direba, ka taki sa'a," in ji shi. "Mai wannan ɗan haya ne, ya sa mata masu kauri don lodin mutane. Dubi fentinsu, ko ƙwarzane babu. Waɗannan sun ɗauki kaya ba su taɓa kwanciya ba."

Aka ciro, aka wanke, aka ɗaura. Motata ta miƙe tsaye, na loda mata taki har Alhaji da kansa ya ce ya isa, amma ko gezau. Ranar na shiga tasha ina hura hanci, na ce wa masu kirana Mijin Agwagwa su zo su ga amarya.

Abin ya fara ne a wata mararraba gaba da garin Ƙarfi, inda 'yan kasuwa ke jiran mota a gindin ɗorawa. Na sauke taki ina dawowa wayam da rana tsaka, na tsaya in sha ruwa, sai na ji motar ta yi ƙara ta ɗan yi ƙasa ta baya. Ta sake, ta kuma sakewa, wani lokaci ta dama wani lokaci ta hagu. Na ce taya ce ta sace, na sauko na zagaya, tayoyi lafiya lau, bayan mota ba komai sai igiya da tsohon tamfol, amma ga ta a zaune kamar na cika ta da buhunan masara. Haka na ja ta da nauyi har gida. Da safe na tarar ta miƙe. Bitrus ya hau bayanta ya yi tsalle, ya sauko ya ce ko dai in rage goro ko in ƙara barci. Ni ma na yi dariya, don ni ba mutum ne mai saurin yarda da irin waɗannan abubuwa ba. Daga nan dai duk sanda na tsaya a mararrabar nan sai ta zauna, ni kuwa na ɗauka wani lahani ne na ƙarfe.

Ranar da ba zan manta ba cikin watan Agusta ne. Na kai taki wani ƙauye na Kiristoci manoma can cikin daji, kuma a hanyar zuwa na tsaya a mararrabar don in ɗaure igiyar da ta kwance. Na gama sauke kaya ke nan, motar ta ƙi miƙewa, ina tsaye ina kallonta, sai ga Ɗanladi, manomin da nake sauke wa taki, ya zo a guje. Matarsa Rifkatu tun jiya take naƙuda, abu ya ƙi, ga jini. Na san Rifkatu, ba na zuwa garin ta bar ni in tafi ban ci dafaffiyar masara ba. Muka shimfiɗa mata katifa a baya ta hagu, mijin ya zauna ya riƙe kanta, uwarsa, tsohuwar da kowa ke kira Iya, ta shiga gaba kusa da ni.

Gajeriyar hanyar Malumfashi sai an haye wani rafi. Ta zagaye kuwa rabin yini ce, kuma duk wanda ya kalli fuskar Rifkatu ya san ba ta da rabin yini. Muka iso mashigi, an yi ruwa can sama, rafin ya fara kawowa, jajawur da shi. Da motar a miƙe take, wannan ruwa ba zai hana ni wucewa ba. Amma mutum biyu kacal a baya, ita kuwa ta zauna har salansa na neman taɓa ƙasa. Na ce bismillah na shiga, ba mu yi nisa ba cikinta ya hau dutse. Na yi baya da ƙyar, na canza wuri na sake shiga, ta sake kamawa. Ruwa na ƙaruwa ina gani, Rifkatu ta daina ko nishi, Ɗanladi na bubbuga gilashin baya yana cewa, "Direba, don Allah. Direba, don Allah." Na fita na leƙa ƙarƙashi, na ga sifirin nan masu kauri sun matse har murɗinsu na shirin haɗewa. Na dawo na zauna na rasa abin yi.

Duk direban daji ya san ƙa'idar mashigi da damina: fasinja kan sauka su haye da ƙafa don mota ta yi sauƙi, direba ya jira su a ƙetare. To ni wa zan sauke? Sai Iya ta dafa hannuna.

"Ɗana, ce musu su sauka."

"Su wa, Iya?"

"Kai da kake direba ni zan koya maka aikinka? Waɗannan ba a taɓa ce musu su sauka ba. Wancan direban cewa ya yi kowa ya zauna, sauri yake."

Wallahi ban taɓa gaya wa kowa a ƙauyensu labarin motar da muka ciro sifirin a jikinta ba. Na fito, na tsaya a bayan motar kamar wani taɓaɓɓe, na ce, "Jama'a, a yi haƙuri, a sauka mu haye."

Sai sifirin dama ya yi ƙara, motar ta ɗan ɗaga. Sai na hagu. Sai na dama kuma. Haka ta dinga tashi kaɗan-kaɗan, daidai yadda mota ke yi in mutane na dirowa ɗaya bayan ɗaya, wani da nauyi, wani ɗan ƙiris kamar an miƙo yaro. Ɗanladi ya rungume matarsa ya runtse ido yana kiran sunan Yesu, ni kuwa Innalillahi kawai nake maimaitawa. Ban san ko su nawa ba ne, ban ƙirga ba, na dai san sun fi ƙarfin motar. Da ta gama miƙewa na faɗa ciki, na ba ta wuta, muka ratsa ruwan nan ko dutse ɗaya ba mu taɓa ba.

Muna hawa gaɓa ƙafata ta tafi kan birki da kanta, saboda sabo. Iya ta ce, "Kada ka tsaya." Na kalli madubi. Babu kowa, amma ruwan na rabewa wuri-wuri a jere, inda na san babu dutse ko kututture, kuma jerin yana matsowa wajen gaɓarmu. Ban sake kallon madubin ba har Malumfashi.

Muka isa asibiti, aka zo da gado aka shiga da ita da gudu, Ɗanladi da Iya suka bi su. Na ajiye motar a inuwar wani dalbejiya, na yi la'asar a gefenta, na zauna a ƙasa na jingina da bishiyar ina roƙon Allah ya sauke ta lafiya. Motar na tsaye cak, wayam, a miƙe, ba kowa kusa da ita. Na daɗe a nan. Can sai na ji ƙara sau ɗaya. Na ɗaga kai, a kan idona bayan motar ya ɗan yi ƙasa ta hagu, daidai wurin katifar, nauyin mutum guda. Ina nan zaune sai ga Iya ta fito, ta ja mayafi ta rufe kanta, tana rungume da jaririya. Ba ta kalle ni ba, motar ta kalla.

Jaririyar ta rayu, Rifkatu ta cika. Likita ya ce da an zo da ita da wuri kaɗan, wataƙila. Wannan wataƙilar har yau tana ci mini rai, don na san inda lokacin ya tafi.

Washegari da safe aka fito da gawar don mu mai da ta gida ta hanyar zagaye. Mu huɗu muka ɗauke ta muka kwantar a kan katifar, ina kallon tazarar taya da jikin mota, wallahi tallahi ba ta ƙara yin ƙasa ko kaurin farce ba. Da muka isa ƙofar gidan Ɗanladi, mata sun fito suna kuka, kafin wani ya kai hannu, Iya ta zagayo baya ta ce a hankali, "'Yata, mun iso gida. Sauka." Motar ta yi ƙara ta miƙe, gawar na kwance a ciki.

Ina komawa Funtuwa na sa Bitrus ya cire su. Wannan karon bai yi mini wa'azi ba, bai kuma yi dariya ba. Inda ya kai su ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Na tambayi malamai, Bitrus ya tambayi fastonsu, kowa da abin da ya ce, babu wanda ya gamsar da ni, ni ma ba zan ce muku na san ko mene ne ba.

Ku da ke lodi kuna shiga daji, ku duba kaurin sifirin, ku duba fenti, ku sa biyu tare, duk gaskiya ne. Amma in tsoho za ku saya, don Allah ku tambayi abin da ya kashe motar da aka ciro shi, da abin da take ɗauke da shi ranar. In aka ce mutane ne, ku bar shi a inda kuka gan shi.