Ƙanena Mai Ilimin Teku

Lokacin da mahaifinmu ya rasu, ƙanena yana cikin jirgin ruwa a tsakiyar teku. Kwana uku muna neman wayarsa ba ta shiga. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, aka yi sadakar bakwai, duk ba shi. Sai da damina ta zauna, masara ta kai gwiwa, sannan ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu da ke bayan Maska, da jaka biyu da wani akwatin roba da ya hana kowa taɓawa.

Ni ne babba, shekara tara na ba shi. Ni na bar makaranta a aji uku na sakandare na kama garma don shi ya ci gaba. Ban taɓa yi masa gori ba, amma ban taɓa mantawa ba. Mun zaci likita zai zama, ko malamin gona. Sai ga shi ya zaɓi teku, yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Mairuwa ba sai da ya yi gemu.

Washegarin zuwansa, bayan la'asar, Inna ta sa shi ya faɗa mata aikin da yake yi. Ina gefe ina gyara igiyar shanun huɗa. Ya ce mata murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya, a cikin teku abu ne mai rai, kuma jikinsa lulluɓe yake da wani yauƙi cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗansu suna tsare shi, waɗansu suna jiran ya yi rauni. Ya ce akwai ciyawar teku da in ta tsiro kusa da shi takan saki sinadari, wani ya ƙone shi kai tsaye, wani kuma ya ciyar da miyagun halittun nan har su yi yawa su shaƙe shi. Aikinsa shi ne ya nutse da tulun iska a bayansa, ya zuƙo yauƙin da sirinji, ya kai ɗakin bincike ya gano wa ke kashe wa, kuma da me.

Inna ta shiga ɗaki ta ɗauko murjanin aurenta tana juya shi a hannu kamar yau ta fara ganinsa. Wannan ne ya tunzura ni. Na ce, "Wato majinar dutse ce ta hana ka zuwa binne ubanka."

Inna ta kira sunana sau ɗaya, na tashi na fita. Daga ranar na koma kiransa Dokta, shi ma ya san ba girmamawa ba ce.

A ƙasan gonarmu akwai tafki, inda Fulanin rugar gabas ke shayar da shanu. A makon nan ruwan ya juye ya zama kore shar, kamar an kaɗa miyar kuka, ga wari. Karfasa suka taso suka yi rigingine a baki. Kwana biyu bayan haka maruƙan Arɗon rugar guda biyu suka sha, suka kwanta, ba su tashi ba. Nan da nan magana ta bazu cewa wani manomi ne ya zuba guba da gangan, saboda ɓarnar da shanu suka yi wa wake bara. Samarin ruga suka daina gaishe mu a hanya. Namu samarin kuma suka fara zuwa gona da adda ko ba sara za su yi ba.

Na hango ƙanena da safe a bakin tafkin, ya naɗe wando, ya sa safar hannu, yana cika ƙananan kwalabe. Ya zagaya tafkin duka, ya bi kwararon da ruwan sama ke bi ya gangaro, har ya tsaya a kan tulin kashin kajin da na sa aka sauke mini mota biyu daga Funtuwa, wanda rasuwa ta hana ni watsawa. Ya daɗe a wurin. Da ya dawo gida ya buɗe akwatin nan, ya fito da madubin da ke ƙara girman abu, ya zauna a kai har azahar.

Ranar da mai unguwa ya tara mu a zaurensa, Arɗo ya zo da 'yan'uwansa huɗu, babu mai fara'a. Ana cikin ja-in-ja ƙanena ya nemi izini. Ya ce, ranka ya daɗe, babu wanda ya zuba guba. Wannan koren ba gansakukar da muka sani ba ce, wasu ƙananan halittu ne da ke cikin ruwan tun dā, waɗanda in suka sami abinci da yawa da zafin rana sukan yaɗu su saki dafi mai lalata hantar dabba. Irin abin da yake gani a teku ne, in ji shi, sai dai nan ruwan daɗi ne. Ya ajiye madubin a ƙofar zaure inda haske yake, Arɗo ya duƙa ya leƙa, ya ɗago yana salati.

Mai unguwa ya tambaya, to wane abinci suka samu bana da ba su samu bara ba.

Ƙanena ya dube ni, sannan ya dubi ƙasa. Ya ce taki ne. Kowa na da hannu, domin kamfa da yuriyar gonakin tudu duk can suke gangarawa, amma mafi yawa daga tulin kashin kajin da ke bakin kwararo ne.

Kowa ya san tulin wa ne. Mai unguwa ya yanke cewa in kwashe takin kafin Juma'a, a kewaye tafkin da ƙaya, shanu su koma rafi har ruwa ya washe. Arɗo ya ce tunda ba da gangan ba ne ya yafe, abin Allah ne. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban jira mun isa gida ba. A hanya, gaban masu sayar da rake, na tare shi. Na ce wata nawa ba ka nan, ka zo da kwalabe ka tsinka ni a gaban Fulani. Ba ka da bakin faɗa mini a cikin gida?

Ya ce, "Yaya, jiya da safe na ce ina son magana da kai. Sai ka tayar da mashin ka tafi."

Gaskiya ne, na tuna. Amma a lokacin gaskiyar ƙara mini wuta ta yi. Na ce masa wanda bai ɗauki makarar ubansa ba, ba shi da ta cewa a kan ƙasar uban. Fuskarsa ta canza. Ya ce shi ma bai yafe wa kansa ba, amma da ya yi shiru da jini ya zuba a kan maruƙa biyu, kuma ko gobe aka sake haka zai faɗa. Na ce ya je ya faɗa wa kifi.

Na kwashe takin ni kaɗai da amalanken shanu, kwana uku. Ƙanena ya zo da shebur ranar farko, na ce ya ajiye. Kafin ya tafi aka raba gado. Ya ce in riƙa noma kasonsa ina ci, ba ya bukatar komai. Na ce a kafa masa iyaka da duwatsu, ni ba ɗan ƙodagon Dokta ba ne. Inna ta yi kuka, kawunmu na Bakori ya yi magana har ya gaji, aka kafa duwatsun.

Bayan wata biyu ya aiko da sakamakon ruwan daga wurin aikinsa, ya tabbatar da abin da ya faɗa. 'Yata ce ta karanta wa Inna, ni ina waje. Tafkin ya washe bayan ruwan Agusta, kuma ban ƙara tara taki a bakin kwararo ba, sauran mutane ma haka. Masu cewa albarkar karatunsa ce suna nan, ba na tanka musu.

Damina uku ke nan kasonsa yana kwance tsakanin gonakina biyu, tofa da ƙaya sun cinye shi. Bana da rani Arɗo ya zo neman inda zai sauke shanu su kwana biyu kafin su wuce kudu. Na kai shi har wurin na nuna masa duwatsun, na ce daga nan zuwa can, su zauna yadda suke so. Ya tambaye ni ko mai gonar ya sani. Na ce mai gonar yana teku.