Malamin Lissafi a Rumfar Rundawa

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da alli, akwai safiyar da har yau ba ta fita raina ba: safiyar da Alhaji Ummaru ya jingine babur ɗinsa a gindin dogonyaron makaranta, ya faɗo ofishina ko sallamar kirki babu. Lokacin ina hedimastan wata firamare a wani ƙauye gaba da Fakku kaɗan, cikin ƙaramar hukumar Kebbe. Alhaji Ummaru dillalin shanu ne, mai faɗa a ji a garin, kuma shi ne shugaban kwamitin iyayen yara. Ku da ba ku yi aikin ƙauye ba, kada ku raina kwamitin nan. Ba su ke biyan albashi ba, amma idan suka kai ƙarar malami ofishin sakataren ilimi, da wuya zangon karatu ya ƙare ba a ɗauke shi daga makarantar ba.

Ya tsaya a kaina ya ce, "Hedimasta, ashe yanzu barunje ka karantar da ɗiyanmu?"

Barunje a bakinmu na ƙasar Sakkwato shi ne mahauci, jam'insu rundawa. Ban tambaye shi wa yake nufi ba, don na sani. Malam Nasiru ne, malamin lissafi na aji shida.

Bari in gaya muku ko wane ne Nasiru a wurina. Hanyar ƙauyen nan da damina ko babur sai an tura. Duk malamin da aka turo mana daga gari, yana zuwa ya ga hanya ya ga ɗakin kwana, sai ya koma ya kama ƙafar wani babba a mayar da shi kusa da kwalta. Nasiru ne mai takardar shaidar malanta na farko da ya zo ya zauna. Ɗan Tambuwal ne, gidan malamai, kakansa ma limanci ya yi. A hannunsa na fara ganin yaran aji shida suna raba lamba ba tare da sun tara tsakuwa a ƙasa ba. Ga jarrabawar shiga sakandare ta matso. In aka ɗauke shi, na san babu mai zuwa a madadinsa.

Abu guda nake masa tsiya a kai, littattafan nan na zaburar da mutum. Akwai mai shimfiɗa su a kan leda kusa da tasha a Tambuwal, duk sanda Nasiru ya je gida sai ya dawo da ɗaya cikin aljihu. Wasu da Hausa, wasu da Turanci, a bango ga hoton marubucin ya sha kwat yana murmushi. Nakan ce masa, "Wannan mutumin naka ko ya taɓa tura babur cikin laka?" Sai ya yi dariya ya ce in dai karanta. Ni kuwa ban ga abin da mai kwat zai koya wa malamin ƙauye ba.

To, a shekarar albashi ya yi ta jan ƙafa, ga shi da sabon iyali, ga tsohuwa a Tambuwal. Littattafan suka yi ta hura masa kunne cewa babu sana'ar halal da ke zubar da mutunci, kuma mutum ya fara da abin da ke gabansa yau, kada ya jira gobe. Ya duba ya ga ranar kasuwa tsiren garin ba ya kai la'asar. Sai ya je rugar Fulani da suka sauka bayan gari ya sayi akuya, ya gina tukuba a gefen kasuwa, ana tashi daga makaranta ya tuɓe riga ya hura wuta.

Alhaji Ummaru ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Ko yaron ya bar wuƙa, ko kwamiti ya tafi Kebbe.

Da aka fita tara na kira Nasiru. Na ce, "Ka ji abin da ake ciki. Ga kabu-kabu, ga tireda, ga sayar da katin waya. Duk ka rasa abin yi sai fawa?"

Ya ce, "Ranka shi daɗe, haram ta?"

Na ce ba haram ba ce.

"To ni ba ni bari. Da safe ni ka faɗa ma yara kowace sana'a da darajatta. In na aje wuƙag ga don an yi man dariya, gobe da wane baki zan faɗa masu?"

Maganar ta shige ni, don a manhajar da muke koyarwa take, ni ma na sha faɗarta a taron safe. Ina cikin juya ta sai ya ƙara da cewa wata damuwar ma ta fi wannan. Kasuwar da ta wuce ya tarar an rushe masa tukuba, kuma duk rumfar rundawa babu mai amsa sallamarsa.

Na dube shi. "Kafin ka kafa tukubar, ka je ka gai da Sarkin Fawa?"

"A'a. Littafin cewa ya yi kada mutum shi jira izinin kowa."

Wallahi ban san sanda dariya ta kuɓuce mini ba, ga kuma takaici. A ƙasarmu fawa gado ce. Babu mai rataye nama a kasuwa sai da sanin Sarkin Fawa. Shi ke duba dabba ko lafiyayya ce, shi ke sanin daga hannun wa ta fito don kada a yanka ta sata, shi ke nuna wa kowa wurin zamansa. Wanda bai gada ba, shigege ake ce masa, kuma sai ya kai goro ya zauna ƙarƙashin wani ya koya. Nasiru ya tsallake duk wannan da littafi a aljihu. Masu gari na ganin ya zubar da girman gidansu, rundawa na ganin ya raina su. Ya rasa tudun dafawa ta kowane ɓangare.

A nan na yanke shawara. Na ce yaron nan ba zai bar makarantata ba, kuma ba ni zan sa shi ya ajiye wuƙa ba. Amma ƙofar da ya tsallake, sai mun koma mun bi ta cikinta.

Ranar Asabar da hantsi na sa babbar riga, na sayi goro mai kyau, na tasa shi gaba har zauren Sarkin Fawa Mamman. Dattijo ne mai ƙiba, mai sanyin magana. Ya karɓi goron ya ajiye gefe bai ko buɗe ba, ya bar mu muka gama ba da haƙuri.

Sannan ya ce, "Malam, mu anka haifa cikin abin ga. Ana ganinmu a toshe hanci, amma ba a biki sai da mu. Kai kuma ka taso da takardakka ka hura wuta gefenmu, ko sannu. Mi kaka so yanzu?"

Nasiru ya ce, "Koyo nika so, Baba."

"Koyo? Mu nan ba a farawa da wuƙa. Da wankin tumbi aka farawa."

Ya nuna bayan zaure, inda aka yi yankan safe. Ga kayan ciki cikin daro, ƙudaje sun yi musu rumfa. Na san gwaji ne, na kuma san duk wanda ke wucewa zai gani. Nasiru ya miƙe. Ya tuɓe agogo ya miƙo mini, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa. Ina riƙe da agogon ina jin wari na dukan hancina, ina jin wani irin alfahari da ban taɓa ji game da wani malamina ba. Da ya gama, Sarkin Fawa ya ɗaga tumbin ya duba, ya ce da saura, ya sake. Ya sake. Sai a lokacin dattijon ya kwance ƙunshin goron ya ɓantari ɗaya.

Alhaji Ummaru bai jira ƙarshen wata ba, ya kai ƙara. Ƙa'ida ita ce sakataren ilimi ba ya ɗauke malami kai tsaye. Yakan turo sufeto ya zauna da kwamiti da hedimasta, ya ji ta bakin kowa, abin da ya rubuta shi ake bi. Aka sa rana, sufeto ya zo, muka jera bencuna a aji shida.

Alhaji ya yi magana mai tsawo. Ya ce yara sun fara kiran malaminsu mai tsire. Ya ce malami uba ne, kuma shi bai yarda ɗansa ya tashi yana ganin ubansa na biyu da jini a hannu ba. Wasu iyaye suka gyaɗa kai. Sufeto ya gyara tabarau ya ce a gaskiya ma doka ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya yi wata sana'a ba, in ban da noma.

Na miƙe. Na ce, "Ranka shi daɗe, in dokar za a bi, a fara da ni. Shekara da shekaru ina sayen raguna a kasuwa ina sayarwa da salla, kowa nan ya sani. Rabin malamaina kabu-kabu suke yi da yamma. Ba a taɓa kawo ƙarar kowa ba. Ka duba aikin yaron nan, ko sau ɗaya bai bar aji don kasuwa ba. Ba sana'a aka kawo ƙara ba, irin sana'ar ce. Kuma ni ban gane yadda mai sayar wa barunje sa yake mutumin kirki, wanda ya feɗe san kuma ya zama abin ƙyama ba."

Alhaji ya taso zai hau ni da faɗa, sai muka ji sallama a ƙofa. Sarkin Fawa ne, da rundawan garin a bayansa. 'Ya'yansu sun cika makarantar, amma tunda nake ban taɓa ganin ɗayansu a taron iyaye ba, don sun san ba a tambayar ra'ayinsu. Ba su nemi benci ba, suka tsaya jikin bango.

Sarkin Fawa ya ce, "Mun ji an ce barunje ba shi karantarwa nan. Malam Nasiru kau yanzu ɗanmu na. In makarantag ga ta fi ƙarfin barunje, ku faɗa muna mu kwashe ɗiyanmu." Ya juya a hankali. "Af, Alhaji, barka. Na ji an yi ma ƙaruwa. Ran suna wa za shi feɗe ma ragon?"

Sai wani tsoho a baya ya tuntsire da dariya, ta kama sauran. Sufeto ya sunkuyar da kai yana ta neman murfin biro. Daga ƙarshe ya ce bai ga laifin da ya shafi aiki ba, muddin malami ba ya barin aji, magana ta mutu. Alhaji ya fice bai yi wa kowa sallama ba.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ranar sunan, Sarkin Fawa bai tura kowa fiɗa gidan Alhaji ba sai Nasiru, tare da wanda ke koya masa. Mu malamai an gayyace mu kamar kullum, aka yi mana shimfiɗa a ƙofar gida kusa da ta dattawa. Al'ada kuwa, mai fiɗa a bayan gida ake kai masa abincinsa, can inda ya yi aiki, ya ci ya ɗauki kasonsa ya fita ta baya. Haka aka yi wa Nasiru.

Muna zaune sai ga shi ya zagayo. Ya wanke hannu tas, ya sa rigarsa ta zuwa makaranta da hula, ga kwanon da aka kai masa riƙe a hannunsa. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a tabarmar malamai.  Na ga wani malamina yana jan jiki gefe. Idon gari duk yana kanmu. Na ture kwanona, na matsa, na yi bismilla na sa hannu a nasa.

Alhaji Ummaru na tsaye bakin zaure yana kallonmu.  Can ya juya ya ce da masu rabo, "Ku ƙara ma malamai nama."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ba zan ce muku daga ranar ya zama abokin Nasiru ba. Amma bai sake zuwa Kebbe da ƙara ba, yaransa kuma a hannun Nasiru suka zauna jarrabawa. Yau da na yi ritaya, Nasiru ke zaune a kujerar da na bari, ranar kasuwa kuma in kun je za ku same shi a bakin tukuba.

Ku malamai masu tasowa, na ga da yawanku da irin littattafan nan, wasu ma a waya kuke sauraren masu su. Na daina yi musu tsiya. Su suka ba ɗan gidan liman ƙarfin zuciyar ɗaukar wuƙa, abin da mu da muka yi shekaru muna wa'azin darajar sana'a ba mu iya ba. Sai dai marubucin bai san garinku ba, bai san ƙofar da ake kai goro ba. Wannan ku za ku nema da ƙafarku, a wurin masu sana'ar. Kuma kafin ɗayanku ya tsaya gaban allo ya ce wa yara kowace sana'a da darajarta, ya tabbata in an kawo kwano, zai iya sa hannu tare da mai ita.