Ƙullin Inna a Bayan Timer

Abin nan a Levenshulme ya same ni, cikin Manchester, a wani gidan jan bulo irin masu manne da juna ɗin nan na bayan Stockport Road, shekarun dubu biyu da 'yan kai, tsakiyar hunturu. Wallahi ba ji na yi a bakin wani ba, ba kuma mafarki ba ne, da rana tsaka aka yi shi ina zaune idona biyu. Wanda ya ga dama ya yarda, ni ba roƙon kowa nake ba.

Daga Kumasi aka ɗauko ni saboda autata Rabi ta haihu, haihuwar fari, kuma ba za a ce ina raye 'yata ta yi jego ba wanka ba. Na zo da busasshen ganyen darbejiya da kanwa a ƙasan akwati. Abin da na fara gani ya ɓata mini rai shi ne cibiyar jaririya, an maƙale ta da wata 'yar roba kamar ta shanyar kaya. Uwata Inna unguwarzoma ce, rabin zangonmu ita ta yanke musu cibiya, kuma da baƙin zare take ɗaurewa, ta naɗa sau uku, ta ƙulla biyu, ta bar jela ɗaya doguwa ta datse da haƙori, ba ta yarda reza ta taɓa zaren. A hannunta na koyi wankan jego. Ita kam ta ajiye yin sa tun shekarar da yayata Hajara ta rasu cikin jego ƙafafu a kumbure, ba ta taɓa faɗin dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. A lokacin da nake ba ku labari, Inna ta fi shekara ashirin a kabari.

Mijin Rabi, Sani, a Birmingham yake aiki, wajen Selly Oak, yana 'yan gyare-gyare a gidajen da ɗalibai ke haya, sai Juma'a yake dawowa. Tun ranar da na sauka jininmu bai haɗu ba. Ya ga na jiƙa ganye, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, midwife fa ta ce no, ba a son ruwa mai zafi haka." Ban dube shi ba, suruki ne, sai na ce wa Rabi, "Tambayi mijinki ko uwarsa midwife ce ta yi mata wanka da ta haife shi." Daga nan gaisuwa ma sai ta dole.

To a gidan akwai boiler, ita ke dafa ruwan wanka, ita ke ɗumama ɗakuna. A bangon kicin akwai wani farin akwati ƙarami, timer, shi ke gaya mata lokacin tashi da na kwanciya. Ana gobe suna Sani ya zo da wani abu daga Birmingham, thermostat, kamar sabulun wanka, ba shi da waya ko ɗaya, wai shi ke jin sanyin ɗaki ya aika wa boiler. Ya ajiye shi ɗakin mai jego, ya kwance timer da kansa ya haɗa masa wani ɗan akwati a gefe mai karɓar saƙon, yana yi yana fito kamar shi ya ƙera.

Tun daga ranar ruwa ya lalace. In na rufe ɗakin Rabi na ɗumama shi sosai don ta fito wanka ta shiga zafi, sai in ji ƙas daga kicin, boiler ta yi shiru, in buɗe famfo ruwa salam kamar na alwala. Kwana shida haka. Na koma dafawa a tukwane ina hawa bene da su, gwiwata ta ƙi, kafin in kai ta uku ta farko ta huce. Ni ban yi boko ba, lambobin nan ba na karanta su, amma ina da hankali: abin da ba shi da waya, mai shi kuma yana Birmingham ba ya son wankan, ai ba sai an yi duba ba. Na ce wa Rabi mijinta ne ke kashewa daga can. Shi kuma a waya yana ce mata, "Mum ɗinki ce ke danne-danne, tell her ta bar taɓa abin da ba ta sani ba." Ina ji, don na sa ta ƙara murya.

Maƙwabta suka haɗa mu da wani mai gyaran wuta, Malam Yohanna, dattijo mutumin Jos, ya zo ranar Alhamis da hantsi. Na gaya masa zargina. Ya yi dariya ya ce, "Mama, abin nan ko gidan maƙwabta da ƙyar muryarsa ke kaiwa, balle Birmingham." Na ce ban kira shi dariya ba. Ya kashe wutar gidan, ya cire fuskar timer, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da wani abin awo, sannan ya kira ni ya nuna mini biyu. "Wannan ta ɗumama ɗaki ce, wannan ta ruwan zafi. Surukinki ya yi musanye, ya ɗora ɗan akwatin nan a kan ta ruwa. In ɗaki ya yi zafi thermostat ya ce ya isa, sai a yanke ruwa maimakon heating. Ke kina hura ɗaki, ke kina kashe ruwanki." Na ce, "To ai shi ɗin ne dai." Ya ce, "Shi ne, amma rashin sani ne, ba mugunta ba." Na ce duka biyun ba abin yabo ba ne.

Ya mayar da kowace waya gidanta, ya ɗaure, ya ja da yatsa a gabana ba ta motsa ba, ya rufe da sukurori biyu. Ni kuma ba na yarda da abin da aka rufe sai na sa shaidata. Na kunna kyandir na ɗiga kaki a kan sukurorin nan biyu, na dangwala babban yatsana a kai tun da ɗumi, yadda nake sa hannu a takarda. Yohanna ya girgiza kai ya tafi.

Ruwa ya zo, zafi kamar ya saɓule fata. Na ce yau za mu rama na kwana shida. Na yi wa Rabi wanka na gaske har tankin ya ƙare, ta fito tana haki, ta dafa bango tana cewa, "Mama, numfashina." Na ce raki ne, kowa haka ta yi. Ƙafarta ta ɗan tasa, na gani, na ce sanyi ne ya shige ta saboda wankan da aka yi ta ɓata mana. Na dama mata kunun kanwa, ta kwanta da jaririya, ni kuma na sauko kicin na zauna ina tsince wake, fuskata ga timer, boiler na ruri tana dafa na yamma. Ƙofar gida a kulle, makulli a haɓar zanina. Ban tashi ba ko fitsari.

Kafin la'asar sai na ji ƙas. Boiler ta yi shiru.

Raina ya ɓaci iya ɓaci. Na ɗora manyan tukwane biyu a wuta, na ce ko da rarrafe zan hau bene yau sai an yi wankan nan, na ɗaga murya daga ƙasa na sa Rabi ta kira Yohanna. Ya dawo ransa a haɗe. Na ce, "Aikin banza ka yi mini." Ya ce, "Mama, shekara nawa ina wannan aiki, kin taɓa shi ne." Na nuna masa kakin, ga zanen yatsana kwance a kai ko tsagewa bai yi ba. Ya duba da tocila, ya kashe wuta, ya kankare kakin da kansa ya buɗe.

Wayar ɗumama ɗaki tana nan yadda ya bar ta. Ta ruwan zafi kuwa an zare ta daga raminta, an lanƙwasa bakinta, an ɗaure da baƙin zare. Naɗi uku, ƙulli biyu, jela ɗaya doguwa.

Yohanna ya ce, "Wa ke ɗaure waya da zare?" Na kai hannu na taɓa jelar. Ba yankan reza ba ne, datsen haƙori ne, kuma wallahi tallahi bakin zaren a jiƙe yake.

Bayana tukwane sun fara tafasa, murfi na rawa. Abin da ya faɗo mini ba tsoro ba ne tukuna, ƙafafun Yaya Hajara ne. Na juya na kashe wutar tukwanen da hannuna, na hau bene, gwiwar ma ban ji ta ba. Na tarar da Rabi zaune ta jingina da filo uku, ta kasa kwanciya, leɓenta ya sauya, na danna ƙaurinta yatsana ya lotsa bai taso ba. Na leƙo na ce wa Yohanna ya bar wayar nan yadda take, ya kira motar asibiti.

Kwananta goma sha ɗaya a can. Likita ya ce zuciya ce ta gaji har ruwa ya taru a huhu, ya hana wankan, ya hana kanwa, ya ce da an ƙara ko na yini ɗaya shi bai san abin da zai ce mana ba. Ina tsaye ana fassara mini.

Sani ya zo daga Birmingham a daren da aka kai ta, kuma har yau abin da yake faɗa wa mutane shi ne ni na zare wayar, wai na ga yarinya za ta mutu a hannuna na rasa yadda zan janye ba kunya. Na ce wa Rabi ta tambaye shi yadda aka yi na shiga bayan kaki ban fasa shi ba. Bai janye ba, ni ma ban nemi ya janye ba. Yohanna da ya zo mayar da wayar cewa ya yi, "Mama, ni waya na sani, wannan ba layina ba ne," ya miƙo mini zaren da bakin filaya, ya ƙi taɓa shi da hannu.

Zaren yana nan cikin akwatina, na naɗe shi a ƙyalle, ban warware ƙullin ba. Rabi ta ƙara haihuwa biyu, da ruwa mai ɗumi kawai na yi mata, wadda ta ga dama ta zage ni a zango.

Ku kuma, musamman ku iyaye mata masu taurin kai irina, in kuna kan wani abu a jikin ɗanku kuka ga hanya tana ta toshewa, ku bar zagin mai gyara ku je ku dubi yaron tukuna. Ni an yi mini gata an aiko. Inna da take raye ba ta taɓa buɗe baki ta gaya mini abin da ya ci Yaya Hajara ba, kuma ban sani ba ko za ta sake tahowa.