Layun da na rataya wa makullin mota

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina tuƙin kamiyon ma'aikatar dabbobi a Tawa. Tsohuwar motar soja ce da Nasara suka bari, ta girme ni a wahala ko da ba ta girme ni a shekaru ba. Aikina shi ne in kai malamin dabbobi daji ya yi wa shanu allurar bushiya, ciwon nan da ke share garke cikin mako guda.

Mahaifiyata ba ta taɓa yarda da mota ba. Duk tafiyar da zan yi sai ta je wurin malaminta ta karɓo laya, a ɗinke ta cikin fata, ta miƙo mini. "Ungo wagga, ta ƙarhe ta, ka ɗaura ga damtse," in ji ta. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina: ga kakin gwamnati, ga 'yan kalmomin Faransanci da nake jefawa, ga mutane suna kirana shofer, wato direba. Kunya nake ji mutanen biro, wato ofishinmu, su ga damtsena cike da layu, tsoro kuma nake ji in bar su a gida. Sai na samo dabara, na riƙa ɗaure su a jikin makullin mota. Kafin shekara ta zagayo sun kai bakwai, har da wata mai ƙaho, suna lilo a ƙarƙashin sitiyari kamar hantsar akuya.

Ranar da abin ya faru, da bazara ne. An aika wa makiyaya su tara shanu a wata rijiya gaba da Takanamat, mu kuma muka taso da safe, ni da abokina malamin dabbobi. Ruwan allurar yana cikin akwatin ƙanƙara lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ƙa'idarsa guda ce: in ƙanƙara ta narke, magani ya mutu, sai zubarwa.

Mun yi nisa a kan hanyar duwatsu, motar ta mutu tsit, ba ko tari. Na murɗa makulli, shiru. 'Yar jar fitilar nan ta gaban direba ma ba ta kama ba.

Da ina da hankali, da wannan fitila ta ishe ni bayani. Amma na riga na yanke wa fetur hukunci, don motar ta sha yi mini haka tana tashi da kanta. Na kwance karbirato, na hura, na wanke, na mayar. Na kankare kawunan batir da wuƙa. Na ɗauko manibel, ƙarfen da ake juya inji da hannu, na yi ta juyi har gumi ya rufe mini ido. Awa biyu suka tafi a banza.

Abokina yana tsaye a bayan mota yana kallon ruwa na ɗiga daga gindin akwati. "Shofer, ƙanƙara tana zuba hwa," ya ce. Na fi son ya zage ni da in ji wannan magana.

Sai a lokacin na tsaya na yi tunani. Na danna oda, ta yi ƙara, ashe batir lafiya lau. Na sa turnabis, wato sukudireba, na haɗa kusoshi biyu na demarer, na'urar da ke tayar da inji, ya juya injin da ƙarfinsa, amma inji bai kama ba. Ke nan wuta ce ba ta isa inda ya kamata, kuma duk hanyarta ta wajen makulli take bi. Na ce da abokina ya shiga ya riƙe mini sitiyari gefe in leƙa ƙarƙashi. Layun suka tare masa hannu, ya tattara su ya ɗaga. Jar fitila ta kama.

"Tsaya! Mi ka taɓa?"

"Ban taɓa komi ba. Layunka ɗai na ɗaga."

Ya sake su, fitila ta mutu. Ya ɗaga, ta kama. Muka dubi juna.

Da na kwance gidan makullin, sai ga abin a fili. Nauyin layu da lilon da suke yi a kan duwatsun Adar sun ja makullin ƙasa wata da watanni, har harshen tagullar da ke ciki ya cinye ya lanƙwashe, wayar da ke zuwa demarer kuma saura zare biyu ta tsinke. Na kankare tagullar, na miƙe ta da pansa, wato filaya, na yanko ɗan gwangwanin sardin ɗin da muka ci na tokare ta. Wayar na yanke na sake ɗaurewa. Na kwance layun na cusa a aljihu, na sa makulli shi kaɗai. Murɗa ɗaya ta tashi.

Mun isa rijiyar bayan azahar, ƙanƙarar da ta rage ba ta fi dunƙulen hannu ba. Abokina ya duba ya ce maganin yana da rai, ya shiga aiki ba ko shan ruwa. Amma wani dattijo cikin makiyayan ya nuna mana sawun shanu da ya miƙe arewa. "Mun jira har rana ta take tsaka," ya ce. "Gida ukku sunka ce an yi musu ƙarya, sunka kora nasu." Ba mu da ƙanƙarar da za mu bi su da ita.

Da na koma gida na ba mahaifiyata labari, na tsallake wurin layu. Ta tafa hannu. "Ka gani ko? Da babu su, can za ku kwana. Bakwai ɗin ma ba su isa ba." Kashegari ta kawo ta takwas. Na karɓa da hannu biyu, na ce, "Na gode, Inna," na ɗaura ta a damtse tare da sauran, ƙarƙashin kakin. A biro ba wanda ya ko lura.

Har Allah ya karɓi ranta ban gaya mata ba, kuma ban yi nadamar wannan ba, don ita a damtse ta ce in ɗaura, ni ne na ga na fi ƙarfin haka. Abin da na koya a harkar mota kaɗan ne: ka duba abin da mota ke nuna maka kafin ka kwance abin da kake zargi. Makullina yau ko zare ba na sa masa.

Garkunan nan uku kuwa, na yi shekaru ina bin hanyar arewa, duk rijiyar da na tsaya sai na tambaya. Ban taɓa samun wanda ya san yadda suka ƙare ba.